Sun Yi Mini Cif

Yayana ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya, kuma ban taɓa ganin ya fita da ƙura a takalminsa ba. Kowace safiya yana bakin ƙofa da buroshi da gwangwanin mai, yana goga kamar za a ba shi lambar yabo. Shi ya sa da babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, ya samu aiki a wani gari mai nisa ya yi arziki, bai sha wahalar tunanin kyauta ba. Takalmi sau-ciki, baƙi, lamba arba'in da biyu. Sabuwar shekara takalmi, ranar haihuwar Yaya takalmi, har wata rana da aka ƙirƙiro wai ta iyaye maza, ita ma takalmi. Direba ne ke kawowa a kwali, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Ya gaishe mu, ya sha ruwa, ya juya.

Da yamma sai waya ta yi ƙara.

"Baba, sun yi?"

"Sun yi mini cif. Allah ya yi albarka."

Ni ƙanwarsa ce. Tun da matarsa ta rasu, nawa mijin ma ya riga mu gidan gaskiya, na dawo gidan ina kula da shi, don haka ni nake gasa ƙafar nan da ruwan ɗumi. Ciwon suga ya kumbura ta, ta yi suntum kamar burodi. Silifan wanka ma sai da na tsaga su da reza kafin ta shiga. Takalman kuwa suna saman kabad, kwali kan kwali, ba su taɓa taka ƙasa ba. Amma lokaci-lokaci sai ya sa na sauko da su, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, na mayar.

Na sha yi masa faɗa. "Yaya, ka faɗa wa yaron nan gaskiya mana. Ko shago za ka buɗe ne ba mu sani ba?"

"Ke dai kin cika baki. Yaro ya yi abin kirki, sai in ce masa bai yi ba? In ya ji ƙafar ta kumbura hankalinsa ya tashi, ya baro aikinsa."

Ya baro aikinsa! Dariya ta kusa kama ni don takaici. Wata rana na kira Injiniya da kaina, na ce ina da magana a kan ƙafar babansa. Ya ce, "Gwaggo, ina cikin taro, zan kira ki." Bai kira ba. Kalmar ƙafa kawai ya riƙe, domin washegari sai ga direba da kwali.

Haka Yaya ya daina zuwa ko'ina. Da Injiniya ya yi walimar sabon gida, ya ce mura. Da aka yi auren ƙanen Injiniya a can, ya ce jiri. Gaskiyar ita ce ba zai iya shiga taro da tsagaggen silifa ba, ɗansa ya kalli ƙasa ya tambaye shi ina takalman.

Mutum ɗaya ce ba ya iya yi wa ƙarya, ita ce jikarsa, 'yar Injiniya ta fari. Tana ƙarama suna zaune a gidan nan, ta kan zura ƙafafunta cikin takalmansa ta riƙa zagaya tsakar gida, shi ya sa ya raɗa mata suna Ƙwas-ƙwas. Yanzu ta gama jami'a, za a yi bikin yaye su. Ita ta kira shi.

"Kaka, tsoho mai ran ƙarfe, in ba ka zo ba, ko an kira sunana ba zan tashi ba."

"Ke tafi can! Ni da zan zauna a gaba, in fi ubanki kwalliya."

Ya ajiye wayar yana dariya, sannan ya kalli ƙafarsa, dariyar ta tsaya. Daga ranar ya shiga fama. Ya ɗora ta kan matashi, ya jiƙa ta a ruwan sanyi, ya daina cin gishiri. Na taɓa shigowa na same shi ya shafa wa diddigensa mai yana tura takalmi da cokali, gumi na ɗiga daga goshinsa. Na fita na yi kukana a kicin, don ya tsani a tausaya masa.

Ranar bikin Injiniya ya zo da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, da sabon kwali a hammata. Tun daga ƙofa yake duba agogo. Yaya ya sha fararen kaya, yana zaune bakin gado, ya lulluɓe ƙafafunsa da tawul.

"Baba, har yanzu ba ka sa takalmi ba? Hanya da nisa fa. Kawo in sa maka."

Ya durƙusa, ya yaye tawul ɗin. Ya kalli ƙafar, ya kalli takalmin da ke hannunsa, sannan ya ɗaga kai ya ga kwalayensa jere a saman kabad har sun kusa taɓo rufi.

"Tun yaushe?"

Yaya ya ce, "Ai kwanan nan ne."

Na ce, "Tun Ƙwas-ƙwas tana sakandare."

Yaya ya harare ni, ban damu ba. Injiniya ya sunkuyar da kai, ya riƙe ƙafar da hannu biyu. Na ji tausayinsa, wallahi na ji, duk da haushinsa da nake ji.

Injiniya ya ce mu tafi haka da silifan. Yaya ya ce allambaran, ba zai kunyata jikarsa a gaban ƙawayenta ba. Muka shiga gari neman takalmi, shago bayan shago, wannan ya matse, wancan bai shiga ba, sai da ƙyar aka samu sandal mai maɗauri. Direba ya yi gudu iya ƙarfinsa. Amma muna shiga harabar jami'ar, mutane na fitowa daga zauren taro da furanni, ana ta ɗaukar hotuna.

Ƙwas-ƙwas ta hango motar ta rugo, rigar bikin na tashi a bayanta. Yaya bai ko sauko ba.

"An kira?"

"An kira, Kaka."

"Kin tashi?"

"Na jira har aka maimaita. Ina ta kallon ƙofa. Sai na tashi."

Ya ce, "Kin kyauta." Ta cire hular bikin ta ɗora masa a kai don ya yi dariya, ya yi, amma ni na san dariyar Yayana. A hanyar dawowa Injiniya ya yi alkawari kala-kala. Ya kai shi wurin likita, ya kwana tare da mu, ya auna ƙafar da igiya da hannunsa. Na ce a raina, to, Allah ya sa an farka.

Sabuwar shekara ta zagayo, sai ga direba da kwali. Wannan karon an yi su ne musamman, masu faɗi, fata mai laushi. Yaya ya zura ƙafa, suka shiga sumul. Ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ban ga ya ɗingisa ba. Da yamma waya ta yi ƙara.

"Baba, sun yi?"

Yaya ya kalle ni, ya kawar da kai. "Sun ɗan matse ni," in ji shi. "Ko za ka zo ka gani?"

Ina kusa, na ji amsar. "Ayya, Baba, sannu. Gobe zan turo direba ya canzo."