Rariyar Aldara

"Ba zan ajiye ta ba," in ji Aldara.

Dosinda, shugabar mata masu tonon ƙumba, ta tsaya cikin taɓo har ƙwauri tana harar rariyar ƙarfen da ke hannun yarinyar. Ƙa'idar ƙungiya ce: duk ƙumbar da ta faɗo ta ramin rariya ba ta isa ci ba, sai a mayar da ita laka ta ƙara shekara. Aldara aka ba aikin tacewa bana, don ita ce mai karatu.

"Haba 'yar nan, yau kaɗai. Kirsimeti saura kwana huɗu, ga motar masu saye can tana jira."

"Goggo, ruwan saman Nuwamba ya sirka ruwan gishiri, ya kashe manyan. Waɗannan ƙananan su ne iri. In muka kwashe su, baɗi me za mu tona?"

"Ku ji min malama!" in ji wata daga cikin layi. "An tura ta birnin Vigo karatu, ta dawo za ta koya mana laka. Ke, a cikin lakar nan aka yaye ki!"

Aka yi dariya, amma gajeriya. Awa huɗu ke nan suna sunkuye da manjagara tun da teku ya janye, ƙugu ya ƙage, yatsu sun daskare.

Bokitin farko na uwar Aldara ne, Erundina. Ta dire shi ba ta ɗago ido ba.

"Mama..."

"Zuba mana. Ai ba ki da uwa a nan."

Aldara ta zuba, ta girgiza. Fiye da rabi ya zube ƙasa. Ta tattara da hannunta, ta watsa cikin 'yar koramar da ke ratsa ciyawar fadama. Haka ta yi wa na biyu, haka ta yi wa na Dosinda, har mata talatin da bakwai. Nata ta tace a ƙarshe, a gaban kowa, ta girgiza shi sau biyu. Babu wadda ta kalla.

Ruwan teku ya fara dawowa ta kwaruruka, shiru, yana lasar takalman roba. Mata suka naɗa gammo. A nan mace ba ta ɗora wa kanta kwando. Ta kusa da ke ce ke kama miki, ke ma ki kama mata. Biyu-biyu suka ɗora wa juna suka kama hanyar tudu. Erundina ta kama wa Dosinda.

Aldara ta jira kaɗan. Sannan ta kama kunnen kwandonta ta ja shi a ƙasa, ruwa na bin dugaduganta.

Ƙananan ƙumba sun kwana a lakarsu. Ita kuwa, har hunturun ya ƙare babu wadda ta ƙara kama mata kaya, kuma a gida uwarta takan bar mata abinci a rufe, Aldara ta ci ita kaɗai.