Ranar da Na Riƙe Bokitin Ƙuri'ar Nama

Shekara arba'in ina marmarin sake ganin ƙungiyar makaɗan nan Iron Galah a kan dandamali, ashe abin da zan tarar ke nan: tsofaffi huɗu a lungun kulob ɗin garinmu, Kurri Kurri, tsakanin injinan caca da ƙofar bayi, da yammacin Lahadi. Noel Tranter, mawaƙin da muke yage maƙogwaro a kansa a 1984, ya ajiye tumbi, gashi ya gudu ya bar shi da sanƙo. Wannan bai dame ni ba, don ba shi na zo gani ba.

Saboda mijina Col na zo. Shekararsa biyu a gidan kula da tsofaffi, cutar mantuwa ta cinye masa komai, har sunana. Abu ɗaya ta rage masa: in aka sa waƙarsu ta jirgin kwal, sai yatsunsa su fara buga tebur. Ana cikin wannan waƙar muka haɗu, ranar da ya tambaye ni ko ni kaɗai na zo, na yi masa ƙarya alhali saurayina na can yana sayo mana abin sha. Da kyar gidan suka yarda aka kawo shi, da sharaɗin motarsu za ta mayar da shi ƙarfe biyar daidai, lokacin magani.

Su kuwa tsofaffin makaɗa duk halinsu ɗaya, waƙar da aka zo dominta sai a ƙarshe. Suka yi ta ɗura mana sababbin waƙoƙin da babu wanda ya roƙe su. Col na kan keken guragu yana kallon kwalbar gishiri, ni ina kallon agogo raina yana tafasa.

Biyar saura kwata mai jita ya taɓa kiɗan nan da kowa ya sani. Sai kawai sauti ya ɗauke.

Kerrod ne, manajan kulob, ya zare musu wayar lantarki ya karɓe makirfo. "Jama'a a yi haƙuri, lokacin ƙuri'ar nama ya yi. Kowa ya fito da tikitinsa."

Ko gobara ake yi, ƙuri'ar nan ba ta makara a kulob ɗinmu: tire goma na nama, duk Lahadi, wanda aka zaro lambar tikitinsa daga bokiti ya tafi da tire ɗaya. Abin da ya ƙona min rai, mutanen da suka zo sanye da rigunan makaɗan, suna rantsuwa sun fi kowa sonsu, nan take suka juya musu baya suna laluben aljihu. Noel kansa, da ya taɓa farfasa jita a gabanmu, ya koma gefe yana kurɓar ruwa kamar ɗan haya.

Na je na ce, "Kerrod, minti huɗu ce waƙar nan. Dubi Col."

"Raelene, kin fi kowa sanin ƙa'ida. Mutanen nan naman ne ya kawo su."

"Kai dai ba ka da kunya. Col ne ya koya maka tuƙi."

Ya yi kamar bai ji ba, ya tsoma hannu a bokiti. "Shuɗi, saba'in da uku."

Tikitina ne, wanda na saya a bakin ƙofa kamar kowa. A al'adarmu wanda ya ci shi ke zaro lamba ta gaba, don haka Kerrod ya miƙo min bokitin yana wani yaƙe. Na karɓa, na rungume shi, na koma kusa da Col na zauna.

"Raelene, zaro mana."

"Babu tikitin da zai fita sai an yi waƙar. In kai namiji ne zo ka ƙwata a hannun tsohuwa."

Wuri ya kaure. Wata ta kira ni mahaukaciya. Wani ƙato daga baya ya ce, "Kai Kerrod, mayar musu da wayarsu mana, a yi a gama, naman yana ɗumi." Ba don Col suka yi ba, don cikinsu suka yi, kuma har yau ban yafe musu ba.

Aka jona waya. Muryar Noel ta dushe, mai ganga yana haki, amma waƙar ce. Direban gidan tsofaffin na tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makulli. Ban kula shi ba, hannun Col nake kallo. Yatsa ɗaya ya motsa, sai biyu, sai duka hannun yana buga tebur daidai da ganga.

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da rabona da shi shekara biyu.

"'Yan mata, ke kaɗai kika zo?"

Direba ya riga ya kama keken, baiti na ƙarshe ko farawa ba a yi ba. Kerrod na tsaye a kaina yana cewa an dakatar da ni daga kulob wata uku.

Na ce wa Col, "Ni kaɗai."

Wannan karon ba ƙarya na yi masa ba.