Ranar da Muka Kai Shu'aibu Otal

"Kawu Badaru, kai za ka raba gardamar nan," in ji Abdulrauf, yana tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu. "Otal, ko wajen Ƙaltume?"

Ubansa Shu'aibu yana kan tabarma, ya jingina da bango, hularsa ta yi masa yawa. Maƙwabcina ne a unguwar Sih, nan Madina, shekara ashirin da shida. A makon aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Kowa ya san ma'anar wannan magana.

"Ni dai tuwon Ƙaltume," ya ce. "Da miyar kuka. Loma uku ta ishe ni."

Ƙaltume tsohuwa ce 'yar Damagaram, tana tuƙa tuwo a zaurenta bayan gidan burodi. Tabarma biyu, buta ɗaya, kowa ya sa hannu.

"Ya Abuya, Ƙaltume tana nan kullum," in ji yaron. Haifaffen Madina ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma watan nan aka ƙara masa girma a filin jirgi. "Bukra, gobe-goben nan, in kai ka, wallahi. Yau so nake ka zauna inda manya ke zama, ko sau ɗaya."

Ni aka tambaya, kuma daidai ne a tambaye ni. Ni ne na taso daga Daura da ƙafa, shekara bakwai a hanya. Na tsinci auduga a Sudan, na haye teku cikin jirgin da ake kwalfe ruwa da ƙwarya. Mu goma sha tara muka fito, ni kaɗai na iso. Ko alif ban sani ba, amma ba a taɓa rufe mini baki ba. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba: cin abinci a otal. Na sha ɗauko wa alhazai kaya har ƙofa, daga nan a ce in juya.

"Otal," na ce. "Shu'aibu, kada ka ba ɗanka kunya."

Ya daɗe yana kallona. "To, tunda Badaru ya faɗa."

Ranar Litinin bayan azahar muka shiga, shekarar dubu da ɗari huɗu da biyu ta Hijira. Sanyi kamar a randa, farin ƙyalle kan tebur, gaban kowa cokula iri-iri. Abincin ba a haɗe yake zuwa ba, ɗaya bayan ɗaya ne. Aka fara kawo romo. Shu'aibu ya ɗebo, cokalin ya karkace, romon ya zube kan ƙyallen. Ya ajiye cokali cikin kwano don ya huta. Nan take mai hidima ya zo cikin ladabi ya ɗauke kwanon. Ashe a wajensu in ka ajiye cokali haka, ka gama ke nan.

Abdulrauf bai gani ba, ya tashi gaida wani babbansu na wurin aiki a can gefe. Ni na gani. Amma lokacin ina ba mai hidimar labarin teku, kuma yana ce mini "mashallah ya Hajj".

Aka kawo kifi, haka aka sake yi. Da aka kawo shinkafa da nama sai Shu'aibu ya dubi mutanen wurin, ya dubi hannunsa na dama, ya mayar da shi ƙarƙashin tebur. Ni kuwa na cinye nawa tas.

Abdulrauf ya dawo. "Abuya, ka ci kuwa?"

"Na ƙoshi, alhamdulillah. Allah ya yi maka albarka."

A mota Shu'aibu ya matso kusa da kunnena. "Badaru, gobe."

"Gobe ko goya ka zan yi sai na kai ka. Ni da na goyi mutum a Sudan, daga jeji har bakin ruwa a Sawakin?"

Washegari maƙogwaronsa ya rufe. Ko ruwa sai matarsa Hasiya ta jiƙa auduga ta ɗiga masa. Kwana uku a haka, ranar Alhamis kafin la'asar ya cika. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ni na kama gaban makara, tsofai-tsofai da ni, ban ba kowa ba.

Bayan kwana bakwai na bi ta bayan gidan burodi. Ƙaltume ta hango ni.

"Malam Badaru, ya haƙuri? Ranar Litinin ɗin nan kafin rasuwarsa ya aiko Hasiya tun da safe, wai in sa masa daddawa da yawa, zai zo bayan azahar. Har la'asar ina rufe da kwanonsa. Jikin ne ya hana shi?"

Na tsaya a bakin zauren.

"Zauna mana," ta ce. Ta turo mini buta, ta ajiye malmala a gabana, ta koma wajen tukunya.

Na wanke hannu. Ina zaune har hannun ya bushe, tururin tuwon yana raguwa, yana raguwa, sannan ya daina tashi.