Mako Uku da Gitae Ya Sani

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da Dasom, kuma shekara tara na ba ta. Ranar da aka haife ta, namiji aka rubuta a takarda, aka raɗa mata sunan maza. Tun tana 'yar shekara biyar take satar siket ɗina na makaranta, babanmu yana zane ta, ba ta fasa ba. Da ta kai ashirin da huɗu ta tafi babban birni Seoul, ta yi shekara shida, ta dawo garinmu Busan a matsayin mace, da sunan da ta zaɓa wa kanta. Lokacin iyayenmu sun riga sun rasu. Na yi wata biyu ban ce mata uffan ba. Sai wata rana na duba na ga ba ni da kowa sai ita, na dafa miyar kifi na kai mata.

Shagona na taliya yana bakin kasuwar kifi, nata na gyaran tufafi yana layin baya. Babu wanda ya san komai a kasuwar. Katin shaidarta ne kawai ya rage, lambar da ke kai ta maza ce, don kotu ba ta amince a canza ba tukuna.

Gitae direba ne, shi ke kai wa masu kifi ƙanƙara. Wando ya fara kawo mata ta rage masa tsawo. Bayan kwana biyu ya dawo da riga aljihu a yage, kashegari wata rigar kuma.

"Bawan Allah, kare ne ke bin ka a hanya?" in ji Dasom.

"Ƙusa ce a motata."

"To ka cire ƙusar mana."

"In na cire ta, da me zan zo?"

Haka suka fara. Wata takwas suna tare, yana ce mini Yaya, yana ɗauko mini buhun fulawa ba tare da na roƙe shi ba. Sannan ya fara zancen aure, ya ce zai kai ta wurin mahaifiyarsa a tsibirin Namhae idan bikin girbi ya zo.

Wata rana da la'asar muna yanka albasa a bayan shago, ta ajiye wuƙa.

"Yaya, in muka je ɗaura aure zai ga katina."

"To me kika yanke?"

"Ke nake tambaya. In gaya masa, ko in ce masa na daina son sa kawai?"

Na ce, "Auta, gaya masa. Na ga maza iri-iri a kasuwar nan. Wannan ko kifi ba ya iya kallo ana yankawa."

Ni na faɗi haka, da bakina.

A shagona ta gaya masa, bayan masu cin rana sun watse. Ina cikin madafa riƙe da ludayin ƙarfe, ina leƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna yana kallon kwanonsa har taliyar ta huce, sannan ya miƙe ya fita. Dasom ta kifa kai a kan tebur.

Bayan kwana biyu sai ga shi da ledar lemo, idanunsa jajur.

"Ban san yadda zan yi ba," in ji shi. "Na yi ƙoƙari in ji haushinki, na kasa. Amma kada kowa ya ji. Kin ji, Yaya? Kowa."

Mako uku suka yi a haka. Kullum nan suke cin abincin rana, tana zuba masa kabeji mai yaji a kwanonsa, yana tsokanar ta wai ta fi shi ci. Ya gyara mini ƙofar shago da ta daɗe tana cijewa. Ban taɓa jin Dasom tana waƙa a bakin keken ɗinki ba sai a kwanakin nan.

Shi da ya ce kada kowa ya ji, shi ya faɗa. Ya sha giya da abokinsa Pansu, ya ce yana neman shawara. Kafin azahar ta kashegari duk bakin teku an ji. Masu sauke kifi suna yi masa fito. "Gitae, wa zai sa rigar amarya, kai ko shi?" Wani ya rubuta ƙazamar kalma a jikin motarsa.

Ranar Talata ce, ƙarfe sha ɗaya na safe, kasuwa cike. Gitae ya shiga shagon Dasom ya jawo ƙofar ƙarfe ƙasa ya rufe. Mai sayar da barguna da ke maƙwabtaka da ita ce ta rugo wurina babu takalmi. Da na isa, mutane sun fi ashirin a tsaye suna saurare, babu wanda ya taɓa ƙofar. Ni na ɗaga ta. Gitae yana tsaye da dutsen guga a hannu, yana haki, yana kuka. Ƙanwata tana kwance tsakanin tufafin mutane.

Ya karya mata muƙamuƙi da yatsu uku na hannun dama. Kunnenta na hagu bai sake ji ba.

A asibiti suka duba katinta suka ce ɗakin maza za a kai ta. Na zauna a ƙasa a gaban gadon na ce sai dai su tura shi ta kaina. Daga baya suka samo mata wani ɗan ɗaki kusa da matakala. Ɗan sandan da ya zo ɗaukar bayani, tambayarsa ta farko ita ce, "Me ya sa aka ɓoye masa?" Dasom ba ta iya buɗe baki, an ɗaure shi da waya. Da hannun hagu ta rubuta: Ya sani.

A kotu lauyan Gitae ya ce a ranar ne ya gano, hankalinsa ya gushe, kowane namiji ma haka zai yi. Na tashi na ba da labarin lemon, da ƙofar da ya gyara, da mako ukun nan rana bayan rana.

"Wanda aka daka ɗin ƙanenki ne, ko ba haka ba?" in ji lauyan.

"Ƙanwata ce."

"A takarda fa?"

"Ku tambayi wancan me yake kiran ta. Ga shi nan zaune."

Gitae bai ɗago kai ba. Alƙali ya ce ya yarda da shaidata, amma mutumin bai taɓa laifi ba, kuma ya yi nadama. Aka yanke masa shekara biyu, aka jingine hukuncin. A ranar ya koma gida, bayan mako ɗaya ya koma aiki.

Yatsun Dasom ba su ƙara riƙe allura daidai ba. Ko da sun riƙe, matan da ke kawo mata ɗinki sun daina zuwa. Ta sayar da keken, ta samu aiki a wani gidan wanki a garin Daejeon, inda babu wanda ya san ta.

Na raka ta tashar jirgin ƙasa da safe. Muna zaune a kan benci na ce, "Auta, ki yafe mini. Ni na tura ki."

"Dawo ta wannan ɓangaren, Yaya, ba na ji."

Na zagayo, na sake faɗa.

Ta daɗe tana kallon hannunta. "Ko ba ki ce ba, da na faɗa. Ba hannun ne ke damuna ba. Mako ukun nan ne. Ya san ko ni wace ce, ya zauna ya ci abinci da ni. Ban taɓa samun haka ba tunda aka haife ni. Da ma tun ranar farko ya dake ni, da tuni na manta da shi."

Aka kira jirginta. Na ɗaukar mata jakar har bakin ƙofa, ta shiga, ta zauna ta ɓangaren da ba na iya ganin ta. Na tsaya har ya tashi, sannan na koma kasuwa, don na bar romo a kan wuta.