Baƙin Dutsen Rijiyar Gwadabe

"Inna Zinariya, ja!"

Daga can ƙasan rijiyar Mas'ud ya yi kiran, kwandon ya kama hanyar sama yana ta zubo masa ƙasa a ka. Ya jingina dagi, ya hau igiya ya fito. Abin da ke cikin kwandon bai sauya ba: baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, busasshe ƙayau, mai ɗan ƙarni.

Maƙwabcinsa Baba Gwadabe yana kwance gindin darbejiya, ƙirjinsa na kuka kamar zugazugi. Shi ya haƙa rabin rijiyoyin ƙauyukan Gummi, kafin neman zinare ya ja shi ramukan Anka, ƙurar dutse ta cinye masa huhu. Da ya dawo, buri ɗaya ya rage masa: ya bar wa matarsa Zinariya rijiya a tsakar gida. Famfon unguwa ya daɗe da mutuwa, hanyar gulbi kuwa tun da ɓarayin daji suka fara tare ta, mace ba ta binta da kwanciyar rai. Ba su da ɗa. Ya haƙa har ƙarfinsa ya ƙare, Mas'ud ya karɓi dagin.

"Kawo in shinshina, ɗan boko," in ji tsohon.

Haka yake yi kullum, ya sunsuni ƙasa don ya ji ko ruwa ya kusa. Mas'ud ya tsaya riƙe da dutsen. Bara, da ya zo hutu daga jami'a inda yake karatun duwatsu, Gwadabe ya nuna masa irin dutsen nan, da sawun ɗan ƙaramin kwanso a jikinsa. Shi kuma da zumuɗin sabon karatu ya zauna ya yi ta zuba: wannan laka ce da ta kwanta a ƙasan ruwa marar motsi, halittu suka mutu suka nutse a ciki, sinadarin naitirojin na jikinsu ya maƙale a dutsen har yau, da shi masana ke gane irin ruwan da ya taɓa zama a wuri. Babban tabki ne a nan, tun ba a san mutum ba.

Tsohon bai riƙe komai ba sai kalmar tabki.

"Baba, ai na hwaɗa maka, ruwan nan ya daɗe da tahiya. Sawunai kaɗai ya bari."

"Kai dai rago ne. Ina ka taɓa ganin ruwa ya bar gidansu? Ƙasa ya shige, yana jiranmu." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe bai sake shi ba.

Zinariya ta karɓi dutsen daga hannun Mas'ud. Ta juya wa mijinta baya, ta ɗauki buta, ta tsiyaya ɗan ruwan da ya rage a kai har baƙinsa ya yi ƙyalli. Ta dubi Mas'ud ido cikin ido. Sannan ta juyo ta miƙa wa mijinta dutsen.

"Ga shi, Malam. Na ƙasan kwando ne."

Gwadabe ya kai shi hanci da hannu biyu. Ya lumshe ido, fuskarsa ta saki kamar ta mai jin ƙamshin ruwan farko.

"Alhamdu lillahi. Mi nic ce maka, ɗan boko?" Ya lalubi gefen zanen matarsa. "Ke kuma, kin gama da gulbi. Sai dai maƙwabta su zo roƙo, ki yi musu rowa."

"Awo, Malam. Ko Mas'ud ba ni ba shi."

Ya so ya yi dariya, numfashin bai kai ba. Kafin la'asar ya cika, dutsen na tafinsa.

Da aka zo wanka, aka leƙa randa, babu ko ɗigo. Maza suka ɗaura jarkoki a kan jaki, suka ɗauki sanduna suka nufi gulbi, suka ratsa ta gefen ramin ba wanda ya leƙa. Zinariya ta zauna bakin rijiyar, igiya a cinyarta.

Mas'ud ya tsinci dutsen a kan tabarma. Rana ta riga ta shanye damshin, sai wani ɗan zagaye da ya rage kusa da sawun wani ɗan kwanso. Yana kallo, shi ma ya bushe.