Hayaƙi a Cikin Tiyo

Rabin jikin maigidan yana cikin bonet lokacin da matarsa, Malama, ta fito da jakarta a kafaɗa, katin asibitinsa a hannu. Ƙafafunsa kawai ake gani da bayan wando da ya sha baƙin mai. Wansa, wanda kowa a gidan ke ce wa Yaya, yana tsaye a gefe yana haska masa fitilar waya da rana tsaka.

"Baban yara, likitan zuciya ba ya jiran kowa fa. In muka rasa yau sai wani watan."

"Yanzu-yanzu," in ji murya daga cikin injin. "Na kusa kama ta."

Tun da ya sayi motar yake kusan kama ta. Mai turbo biyu ce, kuma duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi sai ya sha bayani: na farko yana tura iska cikin injin tun daga tashi, na biyu kuwa sai an taka totur sosai yake shigowa, a nan ne mota ke zama mota. To, na biyun nan ya yi yaji. Da an hau gada sai ta kama huci kamar tsohuwa a matattakalar bene, masu babur suna wuce su suna waiwaye. Ya canja bawul, ya canja sansa, ya ɓata da bakanike biyu don sun ce masa tsufa ne. Yanzu zarginsa ya koma kan siraran tiyon roba da suka cukurkuɗe a bayan injin, masu zuƙar iska su buɗe wa turbo na biyu hanya. Ɗaya ya tsage, in ji shi, ido ne dai bai gani ba.

Malama ba ta tsani motar ba. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi bara, aka hana shi taba da gishiri da fushi, ita kaɗai ta rage masa. Gara ya ɓata riga da ya zauna yana sauraron zuciyarsa. Ita ma ta haƙura da gishiri don kada ya ci lami shi kaɗai.

Yaya, wanda bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba, ya gyara murya. "A manyan gareji hayaƙi suke turawa cikin tiyon. Inda ya ɓullo, nan ne ɓarakar."

"Ina muka ga injin hayaƙi?"

"Ai ba sai da inji ba. Da za a samu kara ɗaya na..." Ya saci kallon Malama, ya haɗiye sauran.

Maigidan ya fito daga bonet da fuskar wanda aka tilasta wa abin da ba ya so. "Bari in duba, ko mai motar na da ya manta da wani abu."

Ya zagaya but, ya ɗaga shimfiɗa, ya zura hannu ƙarƙashin safaya. Ko lalube bai yi ba. Hannun ya fito da kwalin taba, da ashana a maƙale.

"Mutumin kirki," in ji Malama. "Har da ashana ya bar maka. Kwalin ma ko ƙura bai yi ba."

"Saboda motar ne kawai, Maman yara."

Ƙyastawa ɗaya ta kama. Ya kare wutar da tafin hannu, ya ja, ya lumshe ido. Yaya na riƙe da bakin tiyon yana jira.

"Cikin tiyon za ka hura, ba cikin cikinka ba."

Karan farko ya ƙare, motar ba ta samu ko rabinsa ba. A na biyu ne wani siririn hayaƙi ya taso daga can ƙasa, kusa da bangon injin. Tsagar ba ta kai farce ba. Maigidan ya yanke bakin tiyon da reza, ya mayar, ya ɗaure da waya, yana dariya yana tari, Yaya na cewa ai tun farko nan yake zargi.

Malama ta miƙa hannu. "Kawo makullin. Ni zan tuƙa."

Ya so ya yi gardama, ya dubi fuskarta, ya bayar.

A kan gada ta taka totur har ƙasa. Wani fito ya taso daga gaba, kujera ta tokare mata baya, motocin gefe suka koma baya kamar an ja su da igiya. Maigidan ya damƙe hannun ƙofa.

"Kin ji shi? Na biyun ke nan ya shigo. Amma a hankali, a hankali."

Daren da ya faɗi a bakin banɗaki take tunawa, da rantsuwar da ya yi mata a gadon asibiti, hannunsa cikin nata, cewa shi da taba har abada. Ya ɓare alewar na'ana'a guda biyu ya jefa baki, ya sauke gilashi.

A asibiti, likitan ya gwada jininsa, ya sake gwadawa, ya ɗan ɓata fuska.

"Taba fa? Muna nan kan alkawari?"

"Ko warinta ba na so, likita."

Likitan ya juya wajen Malama, don ya san wa ake tambaya a gidan. "Haka ne?"

Ta dubi mijinta. Akwai baƙin mai a kunnensa, idonsa kuma na roƙonta.

"Shi kam ya bari," ta ce. "Motar ce ke sha. Yau da safe ma kara biyu ta sha, yana taya ta riƙewa."

Likitan ya ajiye biro, ya jawo kujerarsa kusa da maigidan.

"Cire rigar," ya ce.