Sukurun da Ya Karye a Jitar Baba Malami

Ƙas! Kan sukurun ya ɓalle ya faɗo kan tebur, gindinsa ya yi zamansa daram cikin katako. Sa'adu ya tsaya da sukundireba a hannu yana kallon ɓarnar da ya yi. Shekara ashirin da biyu yana gyaran keken ɗinki a Unguwar Rogo, har cika baki yake yi wai ba a ƙera sukurun da zai gagare shi ba. To ga shi nan. Shi ƙarfe cikin ƙarfe ya sani, a ɗiga mai a murɗa da ƙarfin tsiya. Ƙarfen da ya shekara arba'in yana tsatsa cikin icce kuwa lallashi yake so, Sa'adu kuma ba shi da lokacin lallashi.

Tari ya taso ta bayan ƙyauren katakon da ke ƙuryar shagon. Shagon nan ɓangaren gidan Baba Malami ne aka yanka, ƙyauren kuma an buge shi da ƙusa tun ranar da Sa'adu ya tare, gadon tsohon yana jingine da shi ta ciki. Kwana tara ke nan da asibiti suka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan magana.

Shekaranjiya da hantsi Inno, matar Baba Malami, ta shigo shagon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, rungume da wani dogon abu naɗe cikin tsohon zane. Da ta warware sai ga jita ja mai tsirkiya huɗu kaurara, irin wadda makaɗa ke kira bes. Wuyanta na lilo, kunnuwan ɗaure tsirkiya sun cije, ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyin ya ɗago ta gefe guda. Sa'adu ya saki baki. Shi dai ya san Baba Malami tsohon direban ma'aikata ne, mutumin sahun farko, wanda ko rediyo ba ya buɗewa sai lokacin labarai. A tsaye Inno ta ba shi labarin, a gurguje. Da ƙuruciya tsohon makaɗi ne a otal-otal ɗin Sabon Gari. Da ya zo neman aurenta, mahaifinta, malami ne mai zaure, ya ce ya ba shi, amma kada a ƙara jin kiɗinsa. Ya amsa, ya tura jitar ƙarƙashin gado.

"Don ni ya aje ta," in ji Inno. "Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin kukanta ba, shi ko bai taɓa yi min gori ba. Jiya ina share mai zuhwar goshi na ga yatsunai na tahiya bisa zanen gado, shina latsa abin da babu. Ka gyara min ita, Sa'adu, tun babanku na ji."

Ya ce mata aikin yini guda ne. Kai, baki!

Yanzu ga shi ya karya ɗaya daga cikin sukurori huɗun da ke haɗa wuya da gangar jiki. Ya sa filaya, babu abin kamawa. Ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan guntun don zafi ya sassauta shi, ƙaurin icce ya tashi, guntun bai motsa ba. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Wani tela ya zo karɓar kekensa, Sa'adu ya balbale shi da faɗa ba gaira ba dalili, mutumin ya tafi yana waiwaye. Tsoro ne fal cikinsa, tsoron kada ya ji salati ta bayan ƙyauren nan alhali jitar tana kwance gunduwa biyu a kan teburinsa.

Ya rufe shago ya tare babur ɗin kabu-kabu zuwa Sabon Gari, cikin ranar nan ta Sakkwato mai sa kwalta ta yi laushi. Shagon kayan gini uku ya shiga. Sukurorinsu ko dai gajeru ne ba za su riƙe ba, ko dogaye da za su huda wuyan su ɓullo inda yatsu ke bi. A ƙarshe aka nuna masa wani mai sayar da kayan kiɗan coci. Mutumin ya auna guntun kan da Sa'adu ya miƙa masa, ya jawo wata matacciyar jita daga bayan kanta ya kwance mata sukurori huɗu da ƴan ƙananan na ƙarfen gindi. Tsirkiya kam babu, sai an aiko daga Legas, mako guda. Ya ce a tafasa tsofaffin a ruwa, dattin zai fita, za su yi ɗan lokaci. Sa'adu ya ce ɗan lokacin ake nema.

A hanyar dawowa dabara ta faɗo masa. Ya ɓalle eriyar tsohuwar rediyonsa, ya yanki gaɓa guda mai rami, ya fiƙe mata haƙora da zarto. Ya kifa ta a kan guntun sukurun ya yi ta murzawa tsakanin tafukansa, tana cin iccen da ke kewaye, har la'asar ta yi. Tafukan suka yi bororo. Da guntun ya fito, baƙi ƙirin, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, sai da ya zage shi.

Saura rami, ya yi wa sabon sukuru faɗi. Dole a toshe shi da icce mai tauri a sake hudawa. Ya gwada guntun katakon benci, ya ruɓe. Ya zagaya ya yi sallama a gidan, ya miƙa wa Inno tsirkiyoyin ta tafasa, ya tambaye ta ko akwai tsohuwar muciya. Ta shiga ɗaki ta fito da sandar Baba Malami, ta kanya, wadda hannu ya goge har tana sheƙi.

Sa'adu ya ja da baya, ya ce a'a, in ya samu sauƙi da me zai taka zuwa masallaci?

"Yanka," ta ce. "Ni da kai mun san ba shi ƙara takawa."

Ya yanki tsawon ɗan yatsa daga ƙasan sandar, idonsa na yaji. Ya fere, ya shafa gam, ya buga a ramin. Gam kuwa ba ya jin magiya, sai ya kwana.

Da gari ya waye tarin ya daina, kuma shirun ya fi tarin tayar masa da hankali. Ya kara kunne a ƙyaure har sai da ya ji numfashi, sama-sama. Ya huda ramin a hankali, ya goga wa kowane sukuru sabulu, ya murɗa da yatsa uku kacal kamar mai sa wa jariri kwalli. Wuya ya zauna. Ƙarfen gindi ya kwanta. Kunnuwa suka sha man keke suka saki. Ya karɓo tsirkiyoyin daga hannun Inno. Wajen ɗaurewa siririyar cikinsu ta tsinke ta tsarge shi a kunci, saura uku. Bai tsaya shafawa ba. Ya ja kakkaurar da babban yatsa.

Wani ɗan guntun sauti ya fito, ko ƙudan zuma ya fi shi. Sai yanzu ya tuna abin nan da lasifika yake aiki, ga babu lasifikar, ga babu wuta tun jiya. Yana lissafin komawa Sabon Gari sai aka ƙwanƙwasa ƙyauren daga ciki, ya ji muryar Inno tana cewa ya zo yanzu, ko yaya take.

Ɗakin na warin magani da turare. Baba Malami ya zama ƙashi da fata, amma da idonsa ya sauka kan jan abin nan sai ya buɗe sosai. Sa'adu ya durƙusa ya fara ba da haƙuri, ga tsirkiya ta tsinke, ga babu lasifika. Tsohon ya motsa leɓe. Sai da ya kai kunne ya ji.

"Jingina kanta ga ƙyaure."

Ya kwantar da jitar a ƙirjin tsohon, ya tura kanta ya dafe katakon. Hannun hagu ya rarrafa ya sami wuyan, yatsu suka zauna inda suka sani. Na dama ya ɗago, ya kai rabi, ya faɗi. Ya sake ɗagowa, ya faɗi. Baba Malami ya juya ido ya dubi matarsa.

"Ban iya ba," in ji Inno.

Bai ɗauke idon ba. Ta matso, ta goge hannu a zane, ta sa yatsa ta ja kakkaurar tsirkiyar.

Ƙyauren ya ɗauka. Wani gurnani mai zurfi ya cika ɗakin, ya bi ta ƙafar gado, har cokalin da ke cikin kofin magani ya yi rawa. Yatsan tsohon ya matsa gaba, ta sake ja, sautin ya hau. Ya koma baya, ya sauko. Sau bakwai ko takwas, Sa'adu bai ƙirga ba, kuka yake yi ba kunya.

"Ashe haka take," Inno ta ce. "Ka yahe min."

Tsohon ya girgiza kai kaɗan, alamar babu abin yafewa. Ta ɗauke jitar ta miƙa wa Sa'adu, ya jingine ta da ƙyauren ya bar ta nan, ita kuma ta zauna a bakin gado ta fara laƙanta masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Kafin kiran azahar ya cika. Bayan la'asar aka kai shi.

Kwana huɗu Sa'adu bai buɗe shago ba. Ran na biyar, masu zaman makoki sun watse, yana zaune da rana tsaka ya kwance kan wani keke, ƙananan sukurori zube a faranti bisa bencin da ke jingine da ƙyauren. Sai ya ji katakon ya yi gurnani a bayansa, sau ɗaya, a hankali. Sukurorin suka ɗan motsa a farantin suka tsaya.

Ya ajiye sukundireba, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana jiran na biyu.